Kwanakin da mara lafiya ba ya kawo ƙararsu: neman haifomaniya a asibitin ƙwaƙwalwa

Mutum yakan je asibiti ne da abin da ke damunsa. Wanda zuciyarsa ta yi nauyi, abinci ya fita ransa, ya daina leƙa kasuwa, har ya fara ganin gara mutuwa da irin wannan zama, shi za ka tarar a layin ganin likita, ko ya kawo kansa ko a kawo shi. Amma babu mai yankar kati don ya gaya wa likita cewa a bara ya yi mako guda yana jin ƙarfi, hira na zuwa masa, aiki na gudu a hannunsa, barcin awa uku ya ishe shi. Irin wannan makon likitocin ƙwaƙwalwa ke kira haifomaniya, kuma idan labarinsa bai kai kunnen likita ba, ana iya shekaru ana ba mutum maganin da ba na ciwonsa ba.

Ciwon baifola yana kai mutum ƙasa ya kai shi sama. Ƙasan shi ne ciwon damuwa mai tsanani. Saman iri biyu ne. Akwai maniya, wadda ba ta ɓuya: mutum ya kwana bakwai ko fiye yana surutu ba tsayawa, ya rabar da jarinsa, wani ma ya ce shi aka aiko ya gyara duniya, sai an kai ga kwantar da shi. Akwai kuma haifomaniya, wadda alamunta guda ne da na maniya, sai dai ba ta kai ta ƙarfi ba. Littafin DSM-5, ma'aunin gane cututtukan ƙwaƙwalwa wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, ya ce sai an samu kwana huɗu a jere na annashuwar da ta wuce kima ko saurin fushi, haɗe da ƙarin kuzari, sannan a ga aƙalla uku cikin alamu bakwai: ji da kai fiye da da, raguwar buƙatar barci, yawan magana, tunani na gudu, hankali na saurin ɗaukewa, ƙirƙiro ayyuka barkatai, da kutsa kai cikin abin da zai jawo da-na-sani. Idan fushi ne kaɗai babu annashuwa, sai an samu huɗu. Dole canjin ya fito fili har wasu su lura, amma bai kai ga rusa aiki ko kwanciya asibiti ba, kuma babu gane-gane ko jin muryoyi. Da zarar ɗaya cikin waɗannan ya shigo, an tsallaka maniya ke nan.

Wanda ke fama da ciwon damuwa kuma ya taɓa yin haifomaniya ko sau ɗaya, bai taɓa maniya ba, shi ake cewa yana da baifola nau'i na biyu. Wannan rabe-raben bai daɗe ba. David Dunner da abokan aikinsa ne suka ware shi a 1976, bai shiga DSM ba sai 1994, kuma kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya bai ba shi gurbi na kansa ba sai a bugu na 11, wanda ya fara aiki a 2022.

Akwai dalilin da ya sa ciwon ke kuɓuce wa likitoci, kuma ba sakaci ne kaɗai ba. Lewis Judd da abokansa sun bi masu baifola na biyu su 86 a Amurka na kusan shekara 13, suka wallafa sakamakon a 2003. A kashi 50 cikin 100 na makonnin, mutanen suna cikin alamun damuwa. Makonnin haifomaniya kuwa ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Ke nan duk ranar da mutum ya shigo ofishin likita, kusan tabbas ne a ƙasa zai same shi, kuma damuwar mai baifola ba ta da wani tambari da zai raba ta da damuwa zalla idan aka dube ta a rana guda. Ga wani abin kuma: mai damuwa idan ya waiga baya, komai baƙi yake gani. Ka tambaye shi ko ya taɓa jin daɗin da ya wuce misali, zai ce rabonsa da jin daɗi har ya manta. Idan ma ya tuna kwanakin, a wurinsa su ne lokacin da ya samu sauƙi, kuma su yake roƙon a dawo masa da su. A wani bincike da wata ƙungiyar masu fama da ciwon ta gudanar a Amurka a 2000, kashi 69 cikin 100 sun ce da fari wani ciwo aka ce suna da shi, galibi damuwa zalla, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku sun yi shekara goma ko fiye kafin a gano gaskiya. Waɗanda suka amsa 'yan ƙungiya ne, wato mutanen da suka fi shan wuya, saboda haka a yi hattara da adadin, amma jinkirin kansa likitoci ba sa musunsa.

Abin da ya sa jinkirin ke da tsada shi ne magani. Mai damuwa zalla akan ba shi irin su fluoxetine ko amitriptyline, wanda saboda araha ya yawaita a asibitocinmu. Idan baifola ne a ƙarƙashi, waɗannan magunguna su kaɗai na iya cilla mutum sama, musamman tsofaffin irin amitriptyline, ko su jefa shi cikin gaurayayyen yanayi: zuciya a baƙe, jiki kuma da kuzari, barci ya gagara. Wannan yanayin likitoci suka fi tsoro, domin mai tunanin halaka kansa ya samu ƙarfin da a da ba shi da shi. Ko amfaninsu ma akwai magana. Babban binciken STEP-BD na Amurka ya nuna a 2007 cewa ƙara maganin damuwa a kan maganin daidaita yanayi, wato wanda ake ba mai baifola, bai fi ƙwayar da babu komai a cikinta tasiri ba. Maganin baifola daban ne: akwai lithium, wanda John Cade na Ostareliya ya wallafa sakamakon gwajinsa a 1949, akwai quetiapine, akwai lamotrigine. Shi ya sa littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka rubuta don ma'aikatan lafiyar da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, ya ce a binciki tarihin maniya kafin a rubuta maganin damuwa.

Daga nan aka fara neman takardar tambayoyi da za ta tunatar da mara lafiya abin da bai kawo ba. Wadda ta fi shahara ita ce MDQ ta Robert Hirschfeld, ta 2000. Tambayoyi 13 ne na eh ko a'a: ko ka taɓa samun lokacin da ka rage barci kuma ba ka ji rashinsa ba, ko ka riƙa buga wa abokai waya da tsakar dare, ko kashe kuɗi ya jefa ka ko iyalinka cikin matsala, da makamantansu. Sai mutum ya ce eh sau bakwai, ya tabbatar abubuwan sun zo masa tare, sannan ya yarda sun jawo masa matsala matsakaiciya ko babba. A gwajin farko, cikin marasa lafiya 198, ta kama kashi 73 cikin 100 na masu baifola, ta kuma wanke kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba su da shi. Da aka fita da ita cikin jama'ar gari a 2003, waɗanda ta kama suka faɗo zuwa kashi 28 cikin 100.

Rauninta game da haifomaniya yana cikin sharaɗin ƙarshe. Ta yaya za a nemi mutum ya ce kwanakin sun jawo masa babbar matsala, alhali ma'anar haifomaniya kanta ta ce ba ta rusa rayuwa? MDQ ta fi iya kama wanda ya taɓa maniya, wato wanda dama ba shi da wuyar ganewa.

Jules Angst na Zurik a Suwizalan ya bi ta wata hanya. Takardarsa, HCL-32, ta fito a 2005 bayan gwaji a Italiya da Suwidin, kuma ba ta tambayar matsala tukuna. Tana cewa ne ka tuna wani lokaci da kake a sama, ka faɗi yadda kake a lokacin: kana yawan barkwanci, kana son tafiye-tafiye, kana sa tufafi masu ɗaukar ido, kana gudu da mota, kana ƙara shan kofi ko taba, mutane na saurin ba ka haushi. Abubuwa 32 ne, kuma wanda ya kai 14 ana sa masa ido. Hikimar Angst ita ce ya karkata ga abin da mutum ya aikata maimakon abin da ya ji a zuciya, domin an fi tuna aiki. Wanda ba zai iya tuna ko ya yi farin ciki ba, zai tuna ya taɓa fentin gida gaba ɗaya cikin dare biyu. Wannan ra'ayin ne DSM-5 ya karɓa da ya sa ƙarin kuzari ya zama sharaɗi na dole.

Sai dai HCL-32 ta biya kuɗin wannan faɗin. Tana kama kashi 80 cikin 100 na masu ciwon, amma kashi 51 cikin 100 kawai take wankewa na waɗanda ba su da shi. Lissafin ya fi fitowa da misali. A ce mutum 100 sun zo asibiti da damuwa, a ce 20 daga cikinsu baifola gare su. Takardar za ta nuna 16, ta bar 4 su wuce. Cikin 80 da suka rage kuma za ta nuna 39 da ba su da komai sai damuwa. Waɗanda aka sa wa alama sun zama 55, masu ciwon cikinsu 16, ko kashi ɗaya cikin uku bai cika ba. Waɗanda ta sallama kuwa 45 ne, kuma 41 ta yi daidai a kansu. A'arta ta fi eh ɗinta nauyi nesa ba kusa ba, amma abin mamaki, eh ɗin ce ke shiga fayil da jan biro.

Mark Zimmerman na jihar Rod Ailan a Amurka ya daɗe yana jan kunne a kan haka. A 2008 ya ba da rahoton marasa lafiya 700 da aka yi wa doguwar hira ta ƙa'ida. 145 sun ce an taɓa gaya musu suna da baifola, amma hirar ta tabbatar da kashi 43 cikin 100 ne kawai. Ya kuma nuna cewa da yawan waɗanda MDQ ke nunawa wani abu ne daban ke damunsu: shaye-shaye, firgicin da ke biyo bayan bala'i, ko ciwon ɗabi'a mai sa yanayin mutum juyawa sau da yawa a yini guda. Laƙaba wa mutum baifola bisa kuskure ba ƙaramin abu ba ne. Lithium na buƙatar awon jini a kai a kai, da duba ƙoda da maƙoƙo. Valproate, wani maganin baifola, na iya nakasa jariri a ciki. Quetiapine na sa ƙiba da hawan sukari. A wurinmu kuma akwai ƙarin kaya: ranar da aka zo binciken aure, sunan ciwon da aka rubuta da gaggawa shi zai yi magana. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, a ƙa'idojinta na 2014, ta hana likitocin matakin farko amfani da takardun tambayoyi don gano baifola a manya. Ta ce su tambaya da baki ko an taɓa samun lokacin yawan kuzari ko sakin jiki fiye da kima, idan ya kai kwana huɗu su duba yiwuwar tura mutum wurin ƙwararre.

Ga wanda ke aiki a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri, akwai ƙarin tarko. An gina takardun nan ne a kan rayuwar wasu mutane. Tambayar rage barci, idan ka yi wa tela ita, zai ce eh, domin kowace shekara goman ƙarshe na azumi ba ya runtsawa sai ya gama ɗinkin sallah. Mai tahajjud zai ce eh. Manomi a lokacin girbi zai ce eh. Kashe kuɗi fiye da ƙarfi kuwa, wace uwar amarya ce ba ta yi ba? Kuma yawancin marasa lafiya ba su za su cike takardar ba, karanta musu za a yi, kuma mutanenmu ba su cika son yi wa likita musu ba. Idan suka ji alamar yana son eh, eh za su ba shi. Abin da ke raba gardama shi ne tambaya ta biyu. Mai ɗinkin sallah yana hamma, idonsa ja, da ya samu tabarma zai mimmiƙe. Mai haifomaniya ba ya jin barcin sam, yana tashi ƙarfe uku garau, kuma babu wata sallah da ke tafe.

Sannan sai an cire abubuwan da ke kwaikwayon ciwon. Tramadol da sauran ƙwayoyin ƙarin kuzari da matasa ke sha don aikin ƙarfi, wiwi, da magungunan irin dexamethasone da prednisolone waɗanda wasu ke saye a kemis don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, duk suna iya kawo rashin barci da surutu da rawar kai. Haka ma maƙoƙon da ke aiki fiye da kima. Takarda ba ta san da waɗannan ba.

A ɗauka wani magidanci ne, mai shagon kayan masarufi, matarsa ta rako shi saboda wata biyu ke nan ba ya fita, kuma karo na huɗu ke nan da yake shiga irin wannan hali.

"Malam, ka taɓa samun lokacin da farin ciki ya yi maka yawa?"

"A'a, likita. Ina na ga farin ciki?"

A nan hira da yawa ke ƙarewa. Likitan da ya san aikinsa sai ya sake salo.

"To, ban da lokutan nan da jiki ke mutuwa, akwai lokacin da ƙarfi ya zo maka har mutanen gida suka ce Malam lafiya kuwa?"

"Sai dai lokacin da na samu sauƙi, bayan babbar sallah. Alhamdu lillahi, lokacin kam na yi aiki."

"Malam, ka yarda in tambayi Hajiya?"

Ya gyaɗa kai. Ita kuwa sai ta dubi ƙasa tukuna.

"Wallahi likita, ni ban ga sauƙi ba. Kusan kwana goma bai fi awa biyu yake kwanciya ba. Ya kama shago na biyu bai yi shawara da kowa ba, ya ciwo bashin kaya, ya fasa bangon tsakar gida wai zai yi ɗakin baƙi, ga shi nan har yau a fashe. Magana kuwa ko ni ba na samun wurin sa baki. Malam da ko yara ba ya yi wa tsawa, sai ga shi yana faɗa da maƙwabta."

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan ciwon ya saɓa wa karin maganar: na kusa ne ke ganin abin, mai shi kuwa yana ganin lafiya ce ta samu. A nan muna da abin da likitocin Turai ke nema ba su cika samu ba, domin da wuya mara lafiyarmu ya zo shi kaɗai. Amma sai an san wanda za a tambaya da kuma gaban wa. Ƙanin da ke zaune a wani gari, aka kira shi don ya biya kuɗin mota, bai san komai ba. Matar da ke kwana ɗaki guda da shi ta sani, sai dai ba za ta buɗe baki gaban surukarta ba, balle a zo maganar yawan buƙatar shimfiɗa ko neman ƙarin aure ba shiri, waɗanda suna cikin alamun da suka fi fitowa fili. Matashi ba zai faɗi cacar da ya yi a waya gaban mahaifinsa ba. Kuma duk wannan sai da yardar mara lafiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba shi haƙƙin a rufa masa asiri.

Akwai kuma alamun da ba sa buƙatar mara lafiya ya tuna kwanakin sama. Damuwar da ta fara tun kafin shekara 25, wadda ke zuwa tana tafiya sau da yawa, wadda ta zo da yawan barci da nauyin jiki maimakon rashin barci, wadda ta taso bayan haihuwa, ko wadda ta ƙi jin maganin damuwa iri biyu ko uku, duk suna sa a ƙara tono. Mafi ƙarfinsu shi ne jini: uwa ko uba ko ɗan'uwa da aka taɓa kwantarwa ko aka kai gidan mai magani saboda ya tashi. Iyalai kan ɓoye wannan, ko su ba shi sunan iska ko sammu, don haka tambayar ko akwai mai ciwon hauka a gidanku ba ta haifar da komai sai a'a. Gara a tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin irin wannan rashin barcin da surutun har aka nema masa taimako.

Masana kansu ba su daidaita a kan inda iyakar take ba. Angst ya daɗe yana cewa kwana huɗu sun yi yawa, akwai masu yin kwana ɗaya zuwa uku waɗanda tarihin danginsu da tafiyar ciwonsu irin na baifola ne. A binciken BRIDGE da ya jagoranta, wanda ya fito a 2011, an duba masu damuwa 5,635 a ƙasashe 18. Da ma'aunin DSM na lokacin, kashi 16 cikin 100 ne masu baifola. Da aka sassauta ma'aunin, sai suka koma kashi 47. Mutanen ba su canza ba, layin aka matsar. A ganina sassaucin na da amfani wajen sa likita ya yi taka-tsantsan da maganin damuwa, amma bai isa hujjar rubuta wa kusan rabin masu damuwa baifola ba, balle a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, inda sunan da aka rubuta yau zai iya bin mutum shekaru ba a samu mai sake dubawa ba.

Sau da yawa ma ba a zama ɗaya ake gane ciwon ba. Idan tarihi bai fito fili ba kuma damuwar ta yi tsanani, likita na iya fara maganin damuwa, amma ya gaya wa mara lafiya da wanda ke kwana kusa da shi abin da za su sa wa ido a makonnin farko: idan barci ya ragu kuma babu gajiya, idan magana ta ƙaru, idan sababbin shirye-shirye suka fara fitowa da tsakar dare, su dawo asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba. Wasu likitocin kan sa a ajiye ɗan littafi a riƙa rubuta awannin barcin kowane dare, abin da ko ɗan firamare a gidan zai iya yi. Sauƙin gaske daga maganin damuwa yakan ɗauki makonni yana shigowa a hankali. Wanda ya miƙe cikin kwana uku yana cewa ya warke sarai, har yana shirin kama shago, shi ya fi kowa buƙatar a sake zama da shi a cikin makon.